Maɗacin Ƙofar Gidanmu: Yadda Ruwa da Abinci Ke Tafiya a Jikin Itace



A ƙofar gidan da na tashi a Maamobi akwai wani tsohon maɗaci wanda ko mahaifina bai san wanda ya dasa shi ba. A inuwarsa ake shimfiɗa tabarmi ranar suna, a nan dattawa suke zama da yamma, a gindinsa kuma mai koko take ajiye tukunyarta da sassafe. Abin da ya jawo masa masifa shi ne ɗacin ɓawonsa. Duk wanda zazzaɓi ya kayar ko cikinsa ya murɗa, sai a aiko yaro da adda ya yi sassaƙe. An daɗe ana haka, itacen yana warkewa, domin maɗaci yana cikin itatuwan da ke saurin mayar da ɓawo. Amma a wani hunturu, ina aji biyu na sakandare, wasu masu sayar da magani suka zo da dare suka ɗaye ɓawon a zagaye, tun daga daidai gwiwa har ƙirjin mutum, suka kankare shi har farin itace ya bayyana.

Da gari ya waye Kaka ta fito ta duba, ta ce, "Sun kashe shi." Na ce, "Haba Kaka, ai ga ganyensa nan kore shar." Ta ce, "Kai dai zuba ido, ɗan nan." Damina ta zo, itacen ya yi sabon toho, na yi ta tsokanarta. Abu ɗaya kawai na lura da shi, wato leɓen raunin na sama ya kumbura ya yi kauri, na ƙasa kuwa yana nan yadda yake. A shekara ta biyu ganyen ya ƙanƙance, rassan sama suka fara bushewa, kafin hunturu na uku ya fita sai da aka kira masu zarto.

Kaka ta san abin da zai faru, amma ba ta gaya mini dalili ba. Tambayoyi biyu suka tsaya mini a rai: me ya hana itacen mutuwa nan take, me kuma ya kashe shi daga baya? Amsarsu tana cikin yadda ruwa da abinci suke tafiya a jikin shuka, kuma wannan sani yana da amfani ga duk mai tukunyar tumatir a tsakar gida, da mai lambu, da mai sayen latas a kasuwar Nima.

Hanyoyi biyu a jiki ɗaya

Idan aka yanke itace aka dubi fuskar yankan, za a ga ɓawo a waje, sai farin itace, sai zuciyar itace mai duhu a tsakiya. Farin itacen nan cike yake da siraran bututai waɗanda ido bai cika gani ba sai da madubin ƙara girma. Da yawansu ba su kai kaurin silin gashi ba. Masana suna kiransu zailam, mu ce magudanar ruwa. Ta cikinsu ruwa da gishirin ƙasa suke hawa daga saiwa zuwa ganye. Abin mamaki, ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi bututan nan matattu ne: suna girma, su ƙarfafa bangonsu, sannan su mutu su bar rami, kamar yadda ake jera fayif baki da baki. Zuciyar itace kuwa tsofaffin bututai ne da suka toshe suka daina aiki, sai dai su riƙe nauyi. Shi ya sa ake ganin tsohon itace mai kogo, wanda yaro zai iya ɓuya a cikinsa, amma yana nan da ransa yana 'ya'ya.

Hanya ta biyu tana cikin ɓawo, a ɓangarensa na ciki mai laushi da damshi, wanda kaurinsa bai fi 'yan milimitoci ba. Ita ce fulowam, wato magudanar abinci. Ƙwayoyinta rayayyu ne, kuma sukarin da ganye ya haɗa ta nan yake bi. Tsakanin ɓawo da farin itace akwai wani siririn shimfiɗi mai santsi, wanda shi ke haifar da sabon itace ta ciki da sabon ɓawo ta waje kowace shekara. Idan ya tsira rauni yakan warke, idan aka kankare shi iska ta busar da wurin, shi ke nan.

Kowa zai iya ganin hanya ta farko a gida. A samo farin ganyen kabeji, a yanke gindinsa, a tsoma a kofin ruwan da aka zuba wa kalar abinci. Bayan 'yan sa'o'i za a ga launin ya bi jijiyoyin ganyen har gefensa. Yara suna son wannan ƙwarai.

Wa ke jan ruwan zuwa sama?

Duk wanda ya taɓa sa injin ya tura ruwa zuwa tankin da ke saman bene ya san ruwa ba ya hawa da kansa. Masu aikin famfo kuma sun san wata iyaka: injin da ke bakin rijiya yana zuƙo ruwa ba zai iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce kimanin mita 10 ba, komai ƙarfinsa, a aikace ma bai cika wuce 7 ko 8 ba. Dalili kuwa, nauyin iskar da ke danna saman ruwan ne yake tura shi cikin fayif, ƙarfin wannan nauyi kuma a nan ya tsaya. Torricelli na Italiya ya bayyana haka tun 1643. To amma wanda ya je lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, ya tsaya ƙarƙashin babban rimin da ke can, ya san ya ninka mita 10 sau da yawa. A jihar Kaliforniya ta Amurka ma akwai itacen da aka auna a 2006 aka samu ya kai kimanin mita 115. Itace ba shi da zuciya mai bugawa, ba shi da injin, ba ya biyan kuɗin wuta. Ta yaya ruwa yake kai wa ganyen ƙoli?

An daɗe ana zaton saiwa ce take tunkuɗo shi. Akwai ɗan gaskiya a nan. Wanda ya fita da asuba ya dubi ganyen mankani ko na masara zai ga ɗigon ruwa jere a bakin ganyen, mutane su ce raɓa ce, alhali sau da yawa ruwan cikin shukar ne da saiwa ta turo cikin dare. Sai dai wannan turi ba shi da ƙarfin da zai kai ruwa saman rimi, kuma da rana, lokacin da aka fi bukatar ruwan, kusan babu shi. Wasu kuma suka ce akwai rayayyun ƙwayoyi a gangar itace da suke miƙa wa juna ruwan. Wani Bajamushe mai suna Strasburger ya gwada wannan a 1891: ya yanke dogayen itatuwa, ya tsoma gindinsu cikin guba mai kashe duk ƙwayar da ta taɓa, sai ga gubar ta hau har ganye, ruwa kuma ya ci gaba da hawa a bayanta ta cikin mataccen itace.

Ashe daga sama ake ja. A jikin ganye, musamman bayansa, akwai ƙananan kafofi, ɗari ko ɗaruruwa a wurin da bai fi kan allura girma ba. Dole ganye ya buɗe su don ya shaƙi iskar kabon da yake haɗa abinci da ita, amma da zarar ya buɗe sai ruwan cikinsa ya riƙa fita a matsayin tururi. Kowane ɗigo da ya fita yana jawo na bayansa, domin ƙwayoyin ruwa suna manne wa juna, suna kuma manne wa bangon bututun. Ruwan da ke cikin siririn bututu ya zama kamar igiyar guga, a miƙe tun daga ganye har saiwa. Rana da iska suna ja daga sama, igiyar duka tana motsawa. Mutum biyu a birnin Dablin na ƙasar Ailan, Dixon da Joly, su suka fito da wannan bayani a 1894, kuma duk da gardamar da aka sha yi a kansa, shi ne masana suka tsaya a kai. Tun kafin su, a 1727, wani Baturen Ingila, Stephen Hales, ya riƙa auna tukunyar shukar furen-rana safe da yamma, ya gano tana zubar da fiye da rabin lita a yini guda.

A nan akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Daga cikin ruwan da shuka take sha, fiye da kashi 95 cikin ɗari ficewa yake yi ta ganye. Ɗan ragowar ne kawai yake zama jikinta. Babban itace a rana mai zafi yakan fitar da lita ɗaruruwa, wato galan ɗin Kufuor goma ko fiye. Da fari na ɗauka ɓarna ce. Amma wannan fita ita ce take ɗauko gishirin ƙasa ta kai wa ganye, ita ce kuma take sanyaya shi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da take yi. Saboda haka inuwar itace ta fi ta rumfar kwano sanyi nesa ba kusa ba: kwano yana ɗaukar zafi ya sauke wa na ƙarƙashinsa, ganye kuwa yana kashe zafin wajen mayar da ruwa tururi. Mai shakka ya ɗaura farar leda a kan reshen mangwaro da safe, ya dawo da azahar ya ga ruwan da ya taru a ciki.

Igiyar nan tana iya tsinkewa. Idan ƙasa ta bushe, ja ya yi yawa, kumfar iska takan shiga bututu ta toshe shi. Shuka tana kare kanta da rufe kafofin ganye da tsakar rana, ko ta zubar da ganyen gaba ɗaya kamar yadda kuka take yi da rani. Wannan ne kuma dalilin da ya sa alefu ko ayoyo da aka yanko da safe ba su cika farfaɗowa ba idan an tsoma su a ruwa haka kawai: iska ta riga ta shiga bakin yankan. A sake datse gindin kaɗan kafin a tsoma, za a ga bambanci.

Abin da saiwa take yi

Kaurin saiwar da muke gani tana fasa siminti ba ita ke shan ruwa ba. Masu shan su ne sirara na can ƙarshe, masu ɗauke da gashi mai laushi, kuma akasarinsu suna kusa da saman ƙasa, sun bazu har sun wuce iyakar inuwar itacen. Idan aka tumɓuke dashe da gaggawa wannan gashi ne yake tsinkewa, shi ya sa dashen yake yaushi ko da an cika shi da ruwa, shi ya sa kuma masu lambu suke dasawa da yamma su rage masa ganye.

Yadda ruwa yake shiga saiwa uwargida ta san shi a kicin. Idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko kokwamba, nan da nan ruwa yake fitowa, domin ruwa yakan ratsa fatar ƙwayar halitta ya nufi ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Saiwa tana tara gishirin ƙasa a cikinta, ruwa ya biyo. Idan kuwa aka juya lamarin, aka zuba takin zamani da yawa a tukunya, ko aka riƙa ban-ruwa da ruwan rijiya mai zartsi irin wanda ake samu a wasu sassan Akra, ko ruwan wanki mai omo, sai ƙasa ta fi saiwa gishiri, shukar ta yi yaushi tana tsaye cikin laima. Mutane sukan ce taki ya ƙona ta, alhali ƙishirwa ce ta kama ta.

Tara gishirin nan aiki ne mai cin ƙarfi, saiwa kuma tana numfashi kamar kowane mai rai. Tana bukatar iska daga cikin ƙasa, tana bukatar sukari daga sama. Bokitin da ba a huda gindinsa ba yakan kashe barkono saboda ruwa ya kore iska, saiwar ta shaƙe. Mai karatu ya riƙe maganar sukarin nan, domin a kanta labarin maɗacinmu ya rataya.

Ɓawo, hanyar abinci

Yawancinmu muna cewa shuka daga ƙasa take ci. Wani likita a ƙasar Beljiyam ta yau, van Helmont, ya gwada wannan magana a ƙarni na 17. Ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a cikin ƙasar da ya auna, kimanin kilo 90, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da ko giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace. Daga baya aka gane cewa mafi yawan busasshen nauyin daga iska yake. Ganye yana haɗa iskar kabon da ruwa da ƙarfin hasken rana ya yi sukari, da sukarin nan ake gina katako da ɓawo da 'ya'ya. Abin da ƙasa take bayarwa kamar gishiri ne da kayan ƙamshi a miya: kaɗan ne, amma in babu shi ba a cin tuwon.

Sukari a ganye ake yinsa, masu bukatarsa kuwa suna ko'ina. Bajamushe Ernst Münch ya bayyana yadda yake tafiya a 1930. Ganye yana ɗura sukari a cikin magudanar abinci, ruwa ya biyo shi ta dokar nan ta albasa da gishiri, bututun ya cika ya yi tauri. A can inda ake bukata ana sauke sukarin, ruwa ya fice, matsi ya ragu. Sai ruwan zaƙin ya gudu daga inda matsi ya fi zuwa inda ya ragu, yana tafiyar da takan kai kusan mita guda a sa'a. Ruwan farin itace janye shi ake yi kuma sama kawai yake nufa, na ɓawo kuwa turo shi ake yi, yana iya yin ƙasa zuwa saiwa ko ya yi sama zuwa sabon toho. Doya da rogo da dankali rumbuna ne da shuka ta tara wannan sukari a ƙarƙashin ƙasa bayan ta mayar da shi sitaci. Zaƙin rake da na mangwaro ta wannan hanya suka iso.

Ƙwari sun riga mu sanin wannan hanya. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da suke manne wa ganyen mangwaro suna soka bakinsu har cikin magudanar abinci su sha, su zubar da ragowar zaƙin, ganye ya yi danƙo ya yi baƙi, tururuwa ta yi ta safa da marwa. 'Yan'uwansu ne suke yaɗa cutar kumburin reshe a gonakin koko, wadda aka fara bayar da rahotonta a 1936 a gabashin ƙasar nan, wadda kuma take cikin dalilan kafa cibiyar binciken koko a Tafo a 1938. Miliyoyin itatuwan koko aka sare saboda ita. Kaucin da ke hawa goro da koko shi kuma magudanar ruwa yake fasawa ya sata.

Yanzu mu koma ƙofar gidanmu. Masu addar nan sun yanke magudanar abinci gaba ɗaya, amma ba su taɓa ta ruwa ba, tunda ita tana cikin itace. Ganye ya ci gaba da samun ruwa, ya ci gaba da yin sukari, shi ya sa na ga kore na yi wa Kaka dariya. Sukarin yana saukowa ya tarar da hanya a datse, ya taru a leɓen sama, wurin ya kumbura. Wannan kumburi Malpighi na Italiya ya gan shi ya rubuta tun ƙarni na 17. Saiwa kuwa ta shiga cin abin da ta ajiye. Tsohon itace ajiyarsa tana da yawa, ta kai shi shekara biyu. Da rumbun ya ƙare saiwoyi suka fara mutuwa, ruwa ya daina hawa, sai a lokacin ne muka ga alama a sama. Yunwa ta kashe shi daga ƙasa tun muna zaune a inuwarsa muna hira.

Ƙarfin wannan ajiya ta saiwa an ga amfaninsa a ƙasar kakanninmu. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara a gona saiwarsu tana raye. Idan aka zaɓi toho biyu ko uku aka bar su, aka rage sauran, sukan girma da saurin da dashe ba zai yi ba, domin sun gaji tsohuwar saiwa mai abinci wadda ta riga ta kai ga ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar, da yawansu gawo ne.

Daga kwata zuwa faranti

Ba sai an je nesa ba a ga inda wannan magana ta shafi lafiyarmu. A Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki a bakin rafin Onyasia, akwai lambunan latas da kabeji da albasa mai lawashi, kuma da yawa daga masu nomansu mutanen zangunanmu ne. Ruwan rafin nan, kamar na babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, yana ɗauke da dattin gari kafin ya faɗa Odaw. Cibiyar kula da ruwa ta duniya da ke da ofishi a Akra ta ƙiyasta a shekarun 2000 cewa mutum kimanin 200,000 suke cin ɗanyen ganyen irin waɗannan lambuna kowace rana a birnin, a gefen waakye da soyayyar shinkafa.

Mutane sukan tambaya ko dattin yana shiga cikin ganyen. Dole a raba amsar biyu. A cikin saiwa akwai wani zobe mai kama da kakin zuma wanda yake tilasta wa duk abin da zai shiga magudanar ruwa ya bi ta cikin rayayyar ƙwaya tukuna, kamar shingen kwastan. Ƙwan tsutsar ciki ba ya wuce wannan shinge, yawancin ƙwayoyin cuta ma haka. Su a bayan ganye suke zama, domin daga sama ake zuba ruwan da garwar ban-ruwa, ƙasa kuma tana fantsama. Wannan kashi wanki yana rage shi ƙwarai: a cire ganyen waje na kabeji, a wanke latas ganye-ganye da ruwa mai tsabta mai gudu, a jiƙa shi na 'yan mintoci a ruwan da aka sa wa binega. Ɗan gishirin da ake barbaɗawa a kwano ɗaya da aka wanke na mutum ashirin a cikinsa ba ya yin aikin da ake zato.

Kashi na biyu shi ne ƙarafa masu guba da suka narke a ruwa. Saiwa ba ta iya bambanta wasunsu da abincin da take nema. Kadmiyam, alal misali, yana shiga ta ƙofar da zinki da ƙarfen jini suke bi, ya hau tare da ruwa, ruwan ya fice ta kafofin ganye ya bar shi a nan, latas kuma yana cikin masu tara shi. Wannan babu wankin da zai fitar da shi. Filin bola na Agbogbloshie, inda aka yi shekaru ana ƙona wayoyi, an rushe shi a 2021, amma rushe rumfuna ba ya tsabtace ƙasa. A ganina, wanda zai shuka ganyen miya a gida kada ya ɗebo ƙasa daga inda ake fasa batir ko ƙona bola ko zubar da baƙin mai, ko da ta yi baƙi ta yi kyau a ido. Ba na ganin laifin masu lambu. Ruwan da gari ya bar musu da shi suke aiki, kuma su ne na farko da suke tsoma ƙafa a cikinsa.

Sanin hanyoyin biyu yana kuma taimaka wa mai shuka ya karanta ganye. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci, shukar tana kwashe shi ta magudanar abinci ta kai wa sababbi. Idan kuwa ƙasan tumatir ne ya yi baƙi ya lotsa, mutane sukan ruga sayen maganin feshi, alhali sau da yawa ba cuta ba ce. Kalsiyam ne bai isa wurin ba, shi kuwa tare da ruwa kawai yake tafiya. Ban-ruwan yau da yawa, gobe da jibi babu, shi yake jawo haka.

Itatuwan da suka rage mana

Nima da Maamobi ba su da itatuwa da yawa. 'Yan dogon yaron da ake gani, wanda aka shigo da irinsa daga Indiya zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, kafin ya wuce Barno a 1928, su da 'yan mangwaro da maɗatai, kusan kowannensu yana ɗauke da tabon adda. Ban ce a daina sassaƙe ba, domin na san ba za a daina ba. Amma a yanki siririn tsiri a tsaye ta gefe ɗaya, kada a zagaye, kada a kankare santsin da ke kan itacen, kada kuma a koma wa wurin sai ya rufe. Wanda ya fi ma shi ne a ɗaye ɓawon reshen da aka riga aka sare. Waya ko igiyar shanya da aka ɗaure a gangar itace aka manta, ita ma a hankali takan nutse ta yi aikin da addar nan ta yi. Mai zuba siminti a tsakar gida kuma ya bar wa itace fili, aƙalla taki guda ta kowane gefe, don ruwa da iska su sami mashiga.

A inda maɗacin yake an kafa rumfar kwano, da azahar babu mai iya zama a ƙarƙashinta. Ranar 11 ga Yuni 2021, da gwamnati ta raba dashe a faɗin ƙasa, ƙanena ya karɓo ɗan maɗaci guda muka fasa siminti a gefen rumfar muka dasa, muka kewaye shi da tsofaffin bulo saboda awaki. Yanzu ya wuce rufin rumfar, kuma tuni wata maƙwabciya ta aiko tambaya ko ɓawonsa ya isa sassaƙa.